Alan Blumlein (1903–1942): Injiniyan da Ya Yi wa Faifai Kunne Biyu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kiɗa, ko a ƙofar gidan biki cikin garin Jega, ko wurin dambe bayan kaka a ƙauyukan Aliero, ya san wani abu da ba a cika kula da shi ba. Ko da ya rufe idanunsa, ba zai kasa nuna inda kowa yake tsaye ba. Ga uban kiɗi a tsakiya, ga 'yan amshi sun jeru a bayansa, mai kalangu yana hannun hagu, yaro mai kuntuku yana dama, shi kuwa sanƙira yana kai da kawowa, yana cusa maganarsa tsakanin ɗiyan waƙa. Kowa yana yin nasa a lokaci guda, amma kunne yana rarrabe su sarai, domin kowanne daga nasa wuri sautinsa ke fitowa.

To amma da zarar an ɗauki wannan kiɗa da rikoda mai makirfo ɗaya, sai dukkansu su cunkushe a wuri guda. Ɗaliban Hausa da suka taɓa zama don juyar da waƙar baka daga kaset zuwa takarda sun san wannan wahala. A ɗauki tsohon kaset na Ibrahim Narambaɗa, ko na marigayi Muhammadu Gambu na Fagada ta ƙasar Maiyama, a kasa kunne. Ana cikin bin waƙa tiryan-tiryan sai amshi ya hau kan jagora, ganga ta hau kan amshi, kalma ɗaya ko biyu su nutse. A mayar da kaset baya sau goma, daga ƙarshe a haƙura a bar gurbi da ɗige-ɗige. Sau da yawa kuwa kalmar da ta nutse ita ce ke ɗauke da zambon ko habaicin da ake nema.

Wannan maƙala tarihi ce ta wani injiniya mutumin Ingila, Alan Dower Blumlein, wanda tun shekarar 1931 ya zauna ya warware yadda za a ɗauki sauti tare da wurin da ya fito. Abin da ake kira sitiriyo ke nan. A cikin dabarunsa akwai wadda za a iya kira tsakiya-da-gefe, ita ce kuma za a fi tsayawa a kanta, saboda ta fi dacewa da irin kiɗan Hausa da irin kayan da ake sauraronsa da su.

Asalinsa da Neman Ilminsa

An haifi Alan Blumlein ran 29 ga Yuni, 1903, a unguwar Hampstead ta birnin Landan. Mahaifinsa, Semmy Blumlein, haifaffen Jamus ne mai tushen Yahudawa, ɗan kasuwa wanda ya yi harkar ma'adinai, daga baya ya zama ɗan ƙasar Ingila. Mahaifiyarsa kuwa, Jessie Dower, 'yar wani ɗan mishan ce mutumin Sikotilan da ya yi aiki a Afirka ta Kudu. Daga wajenta ya sami sunansa na tsakiya. Mahaifin ya rasu a 1914, yaron yana da kamar shekara goma sha ɗaya.

Ana ba da labari cewa yana ɗan shekara bakwai ya gyara ƙararrawar ƙofar gidansu, sa'an nan ya rubuta takardar neman ladan aiki ya miƙa wa matar da ke renonsa, ya sa hannu a matsayin injiniyan lantarki. Abin mamaki, wannan yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa bai iya karatu sosai ba sai da ya kai wajen shekara goma sha biyu, kamar yadda 'yar'uwarsa ta shaida. Lissafi ne ya riga haruffa shiga kansa.

Ya shiga makarantar Highgate a 1918, ya fita a 1921, ya wuce kwalejin City and Guilds, wadda take wani sashe na Imperial College a Landan. A 1923 ya sami digiri mai daraja ta ɗaya, yana da shekara ashirin. Ya ɗan zauna a kwalejin yana taimakon malaminsa, Farfesa Edward Mallett, har suka wallafa wata maƙala tare a kan awon lantarki, wadda ta sami lambar yabo daga ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Ingila.

Daga Wayar Tarho zuwa Faifan Garmaho

A 1924 ya kama aiki da kamfanin International Western Electric, wanda reshensa na Ingila ya koma Standard Telephones and Cables. Aikin wayar tarho mai nisan zango aka ba shi. Matsalar da ta addabi masu tarho a wancan zamani ita ce maganar wani layi ta riƙa tsallakawa cikin wani, mutum yana magana da abokinsa yana jiyo hirar waɗansu. Blumlein ya gano hanyoyin rage wannan. Har ila yau a nan ne ya yi awon yadda kunnen ɗan Adam yake jin sauti mai kauri da siriri, domin a san irin ƙarar da ta fi damun mai saurare. Wannan sanin halin kunne shi ne jarin da ya ci riba da shi daga baya.

A 1929 ya koma kamfanin faya-fayai na Columbia, ƙarƙashin Isaac Shoenberg, wani haifaffen ƙasar Rasha mai idon gane haziƙai. Dalilin ɗaukarsa kuɗi ne tsantsa. Tun 1925 aka daina tara makaɗa gaban bakin ƙaho suna ihu don allura ta motsa, aka koma yanka faifai da lantarki. Amma Amurkawa ne, watau kamfanin Western Electric da ɗakunan binciken Bell, suka mallaki wannan dabara, kuma kowane faifai Columbia ta sayar sai ta biya su kamasho. Aka ce wa Blumlein ya nemo wata hanya da ba za ta taka haƙƙin Amurkawa ba. Shi da abokan aikinsa suka ƙera sabon kan yanka faifai, wanda a cikinsa naɗin waya ne ke motsi tsakanin maganaɗisu yana tura allurar da ke tsaga kakin. Suka tsere wa biyan kamasho, bugu da ƙari sautin ya fi na da kyau. Shi da Henry Holman kuma suka ƙera makirfo mai irin wannan naɗi, wanda aka daɗe ana aiki da shi a ɗakunan ɗaukar sauti na kamfanin da kuma BBC.

A 1931 Columbia ta haɗe da kamfanin Gramophone, mai tambarin nan na kare yana sauraron garmaho, suka zama EMI. Blumlein ya koma ɗakunan bincike na sabon kamfani a garin Hayes, yamma da Landan.

Daren Silima da Takardar Disamba

A cikin wannan shekara ta 1931 ya je kallon silima tare da Doreen Lane, wadda ya aura a 1933. Fim mai magana bai daɗe da fitowa ba, kuma lasifika wuri ɗaya take. Sai ka ga ɗan wasa yana tsaye a wannan gefe na majigi, muryarsa tana fitowa daga wancan. Wannan ya dame shi, ya shaida wa Doreen cewa ya san yadda za a sa murya ta bi mai ita duk inda ya nufa.

Ran 14 ga Disamba, 1931, ya miƙa takardar neman rajistar ƙirƙira. Aka amince da ita ran 14 ga Yuni, 1933, aka ba ta lamba 394,325. Abubuwa saba'in ya lissafa a ciki waɗanda yake neman a tabbatar masa da mallakarsu, tun daga yadda za a jera makirfo, har yadda za a tsaga faifai, har yadda za a ɗora sautin a jikin fim. Yana da shekara ashirin da takwas a lokacin.

Gaskiya ita ce ba shi ya fara tunanin ɗaukar sauti ta hanya biyu ba. Tun 1881 wani Bafaranshe, Clément Ader, ya jera makirfo a bakin dandalin wasan opera na Paris, ya kai sautin ta waya zuwa ga mutanen da ke kara abin saurare a kunnuwansu biyu. A Amurka ma masanan ɗakunan Bell, ƙarƙashin Harvey Fletcher, suna nasu gwaje-gwaje a daidai shekarun da Blumlein ke nasa, har a 1933 suka aika da kiɗa daga Philadelphia zuwa Washington ta layi uku. Su Amurkawa makirfo suke warwatsawa nesa da juna a gaban makaɗa. Blumlein ya bi wata hanya dabam, ya fara da tambayar yadda kunne yake gane wuri.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa. In an buga ganga a hagun mutum, sautin zai riga isa kunnen hagu da ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Da wannan 'yar tazara ƙwaƙwalwa take gane inda sauti mai kauri ya fito. Siririn sauti kuwa, kai ne ke tare shi, sai ya isa kunne na nesa da rauni. Blumlein ya sa iyaka tsakanin biyun a wajen kaɗawa 700 cikin daƙiƙa. Sai ya lura da wani abu: mai zaune gaban lasifika biyu, kowane kunnensa yana jin dukkan lasifikun. Saboda haka in lasifikar hagu ta fi ta dama ƙarfi kaɗan, haɗuwar sautinsu a kunnuwa ita da kanta za ta haifar da waccan tazara, mai saurare ya ji kamar ganga tana wani wuri tsakanin lasifikun, inda babu komai sai iska. Ashe ba a bukatar raba makirfo nesa da juna. A haɗa su wuri ɗaya, kowanne ya fuskanci nasa ɓangare, bambancin ƙarfi kaɗai ya isa.

Tsakiya da Gefe

Domin a fahimci wannan dabara, ya kamata a tuna bambancin kotso da kalangu. Kotso baki ɗaya aka rufe masa da fata, kalangu kuwa fuska biyu gare shi. Akwai makirfo mai fuska ɗaya, wanda ya fi jin abin da ke gabansa. Akwai kuma mai fuska biyu, wanda a cikinsa akwai ɗan siririn tantani a buɗe gaba da baya. In sauti ya zo ta wannan fuska sai ya tura tantanin can, in ya zo ta waccan sai ya turo shi nan. In kuwa sautin ya zo ta tsakaninsu, watau ya bugi fuskokin biyu daidai wa daida, tantanin ba zai motsa ba ko kaɗan.

Sai a ɗauki makirfo na farko a fuskantar da shi ga uban kiɗi. Wannan shi ne tsakiya. A ɗora mai fuska biyu a kansa ko a ƙarƙashinsa, dab da shi, amma a gicciye, fuska ɗaya tana duban hagu, ɗaya tana duban dama. Wannan shi ne gefe. Na tsakiya yana jin taron duka. Na gefe kurma ne ga uban kiɗi, abin da yake ji kawai shi ne yadda hagu ta bambanta da dama.

Daga nan sai lissafin tarawa da ɗebewa irin na 'yan firamare. Abin da za a aika wa lasifikar hagu shi ne tsakiya a tara da gefe. Abin da za a aika wa ta dama shi ne tsakiya a ɗebe gefe. Alal misali, a ce mai kalangu yana hagu, ƙarfin kiɗansa a makirfon tsakiya 5 ne, a na gefe 3. Hagu za ta sami 8, dama ta sami 2, mai saurare ya ji kalangu a hagunsa. Mai kuntuku da ke dama, shi tantanin gefe baya yake tura masa, saboda haka lissafin ya juye: hagu 2, dama 8. Uban kiɗi kuwa ba shi da komai a gefe, sai ya sami 5 a nan 5 a can, ya tsaya cak a tsakiya.

Fa'ida biyu ke cikin wannan. Ta farko, tun da tsakiya da gefe a rarrabe aka ɗauke su, ana iya sauya faɗin filin bayan an dawo gida. In an ƙara ƙarfin gefe, makaɗa su bazu. In an rage, su matso kusa da jagoransu. Mai nazarin da ke farautar kalma a bakin uban kiɗi yana iya rage gefe, domin makaɗan da ke can ƙarshen hagu da dama su ɗan lafa. In kuwa maganar sanƙira yake bi, sai ya buɗe filin ya bi shi da kunne. Sai dai komai ya yi yawa ɓaci ne: in aka cika gefe, tsakiya takan yi rami, waƙar ta zama kamar ana yin ta a ɗakin maƙwabta.

Fa'ida ta biyu ita ce ta fi shafar ƙasar Hausa. A sake duban misalin can: 8 da 2 goma ne, 2 da 8 goma ne, 5 da 5 ma goma. Watau in aka haɗa hagu da dama suka fita ta lasifika ɗaya, gefe yakan kashe kansa, tsakiya ta rage tsab yadda makirfo ɗaya ya ji ta. Ba haka abin yake ba ga makirfo biyu da aka raba nesa da juna. Su sauti ba ya isa gare su lokaci guda, in aka haɗa su sai waɗansu sassansa su kashe juna, murya ta yi wani irin amo kamar daga cikin tulu. To mafi yawan masu sauraron waƙoƙin makaɗa da lasifika ɗaya suke ji, ko ƙaramar rediyo a rataye a rumfar kasuwar Jega, ko wayar hannu a aljihun manomin albasa a fadamar Aliero. Ga harshe irin Hausa, wanda karin sauti da tsawon wasali ke rarrabe ma'ana a cikinsa, ga kuma kalangu da ke kwaikwayon wannan kari, tsabtar tsakiya ba abin wasa ba ce. Dabarar tsakiya-da-gefe tana ba mai kayan sitiriyo filinsa, ba ta kuma tauye wa mai rediyo komai daga muryar jagora ba.

Irin wannan lissafi ya kai shi ga faifai. Tsagar faifai kamar kwarin kunya take a gona, bango biyu gare ta. Ya ce a rubuta hagu a jikin bango ɗaya, dama a jikin ɗayan, kowanne a karkace. In aka yi haka, motsin allura zuwa gefe da gefe shi ne jimlar biyun, motsinta sama da ƙasa shi ne bambancinsu. Tsaga ɗaya, allura ɗaya, sauti biyu.

Gwaji da Jinginewa

A 1933 aka fara yanka faya-fayan gwaji a Hayes, ma'aikata suna tafiya suna magana a gaban makirfo don a ji ko muryoyinsu za su yi tafiya. Ran 19 ga Janairu, 1934, ya kwashi kayansa zuwa ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, inda ƙungiyar makaɗa ta London Philharmonic, ƙarƙashin Sir Thomas Beecham, take bitar wani kiɗa na Mozart da ake yi wa laƙabi da Jupiter. Ya ɗauke su da sabuwar dabara. A 1935 kuma aka ɗauki gajerun fina-finai, ciki har da na jiragen ƙasa suna wucewa ta tashar Hayes, ƙararsu tana bin su daga wannan gefe zuwa wancan. Alkawarin da ya yi wa Doreen ya cika.

Daga nan aka naɗe tabarmar. Duniya tana fama da karayar tattalin arziki, mutanen da ke sayen faifai da ƙyar ba za a ce su sayi lasifika ta biyu ba, faya-fayan lokacin kuma masu ƙaiƙayin sauti ne. Shugabannin EMI suka ga babu kasuwa. Ba za a ce sun yi wauta ba, domin sai bayan shekara ashirin da 'yan kai kasuwar ta buɗe. Amma shi mai abin bai ga ranar ba.

Talabijin da Yaƙi

Shoenberg ya mai da hankalin mutanensa ga talabijin, Blumlein kuwa yana cikin jagororin aikin. Su suka tsara hoton da ake zanawa da layi 405, da lantarki zalla ba tare da wani faranti mai juyawa ba. Ran 2 ga Nuwamba, 1936, BBC ta buɗe tasharta a Alexandra Palace, tana yin mako guda da tsarin Marconi-EMI, mako guda da na John Logie Baird mai layi 240. Bayan kimanin wata uku aka ajiye na Baird, a Fabrairun 1937. Tsarin layi 405 ya ci gaba da aiki a Ingila har Janairun 1985. A waɗannan shekaru ne kuma ya ƙirƙiro waɗansu hanyoyin haɗa kayan lantarki da har yanzu ɗaliban injiniya ke koyo. Jimlar ƙirƙire-ƙirƙirensa da aka yi wa rajista 128 ne.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai ilmin gane inda sauti ya fito ya koma na farautar jiragen abokan gaba. Ya fara da gyara na'urorin da ke sauraron ƙugin jirgi a sama, daga nan ya shiga aikin rada, watau na'urar da ke aika igiyar rediyo ta bugi abu ta dawo da labarinsa. A 1942 aka sa kamfanin EMI cikin wani aiki na asiri mai suna H2S, wanda Bernard Lovell yake shugabanta ta ɓangaren gwamnati. Manufarsa ita ce matuƙin jirgin yaƙi ya ga surar ƙasa a ƙarƙashinsa, koguna da garuruwa, cikin dare ko gajimare.

Rasuwarsa

Ran Lahadi, 7 ga Yuni, 1942, Blumlein ya shiga wani jirgin yaƙi samfurin Halifax, mai lamba V9977, daga filin jiragen Defford, don ya ga aikin na'urar da idonsa. Suna sama sai injin ɗaya na fiffiken dama ya kama wuta, wutar ta ci fiffiken, jirgin ya faɗi kusa da ƙauyen Welsh Bicknor, a gaɓar kogin Wye. Mutum goma sha ɗaya ne a ciki, babu wanda ya fita. Cikinsu akwai abokan aikinsa biyu na EMI, Cecil Browne, wanda suka yi aikin sitiriyo tare, da Frank Blythen. Bincike ya nuna cewa wani ɗan noti ne a cikin injin ba a ɗaure shi da kyau ba lokacin gyara. Saura kwana ashirin da biyu ya cika shekara talatin da tara. Ya bar mata da 'ya'ya biyu maza ƙanana.

Saboda asirin aikin, ba a yi shelar mutuwarsa yadda ta kamata ba, kada Jamusawa su san irin rashin da aka yi. Aikin bai tsaya ba. A ƙarshen Janairun 1943 aka fara amfani da H2S a harin da aka kai birnin Hamburg. Mai karatu zai lura cewa biranen ƙasar da aka haifi mahaifinsa ne na'urar ta taimaka aka yi wa ruwan bama-bamai. Masu yabonsa sukan wuce wannan da sauri, amma yana cikin tarihinsa kamar yadda faifai yake ciki.

Bayan Rasuwarsa

Rajistar 394,325 ta ƙare a 1952, bayan an ƙara mata shekara biyar saboda yaƙi, ba ta jawo wa kamfanin wata riba ba. Ba a daɗe ba sai kowa ya waiwayo. A cikin shekarun 1950 wani injiniyan gidan rediyon Danmak, Holger Lauridsen, ya farfaɗo da dabarar tsakiya-da-gefe ya mai da ita abin aikin yau da kullum, gidajen rediyon Turai suka karɓa, saboda mafi yawan masu sauraronsu lasifika ɗaya gare su. A 1955 EMI ta fara sayar da kiɗan sitiriyo a kan zaren rikoda. A 1958 kamfanonin faya-fayai suka amince da tsagar nan mai bango biyu a matsayin ƙa'ida, sunan kamfanin Westrex na Amurka kuma shi ya fita da ita, ko da yake a shekarar ce mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta sake buga takardar Blumlein don mutane su gani. A 1961 Amurka ta amince da tsarin watsa sitiriyo a zangon FM, shi ma jimla da bambanci yake aikawa, domin tsohuwar rediyo ta kama jimlar ta yi shiru da sauran.

Shi kamfanin EMI ya zo Nijeriya, ya kafa ɗakin ɗaukar sauti a Apapa ta Legas, faya-fayan makaɗan Hausa irin su Alhaji Mamman Shata suka fito da tambarinsa. Amma yawancin abin da aka adana na makaɗan fada da na dambe da na noma a ƙasashen Sakkwato da Kabi da Zamfara, da makirfo ɗaya aka ɗauke shi, a gidajen rediyo ko a rikodar wani mai sha'awa. Tsakiya ce kaɗai ta iso ga masu nazari. Gefen ba a ɗauke shi ba tun farko. A yanzu kuwa akwai ƙananan rikodoji da ba su fi tafin hannu ba, irin su Zoom H2n, waɗanda aka gina makirfon tsakiya da na gefe a cikinsu, ɗalibi na iya sa ɗaya a aljihu ya tafi ƙauyukan Maiyama neman abin rubuta kundinsa.

Sunan Blumlein ya daɗe a rufe. Sai a 1977 aka liƙa allon tunawa a gidan da ya zauna a unguwar Ealing. Littafi na farko a kan rayuwarsa, na Robert Alexander, a 1999 ya fito, na Russell Burns ya biyo baya a 2000. Ran 1 ga Afrilu, 2015, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta kafa masa wani allo a Abbey Road, inda ya ɗauki makaɗan Beecham. A 2017, shekara saba'in da biyar bayan faɗuwar jirgin, aka ba shi lambar Grammy ta fannin fasaha, iyalinsa suka karɓa a madadinsa.